SHEHU USMANU ƊAN FODIYO, UBAN DA YA GANE BAIWAR 'YA'YANSA

 

'Yan'uwa Musulmi, duk sa'ad da aka ambaci Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, abin da yake fara zuwa zukatan jama'a shi ne jihadi da tuta da kafa daula. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa wanda ya shafi kowane magidanci, wato yadda ya tarbiyyantar da 'ya'yansa. Gida ɗaya suka tashi, tushen karatunsu ɗaya, amma kowannensu ya fito da fannin da ya dace da halittarsa.

Haihuwarsa da neman iliminsa

An haifi Shehu a Maratta cikin ƙasar Gobir, wajen Ƙonni a Jumhuriyar Nijar ta yau, a shekarar 1168 ta Hijira, daidai da 1754. Daga baya iyayensa suka koma Degel, a nan ya sauke Alƙur'ani wurin mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo. Mahaifin bai riƙe shi wurinsa shi kaɗai ba, ya bar shi ya ɗebi kowane fanni wurin gwaninsa. Ya yi nahawu wurin Abdurrahman ɗan Hammada, ya karanta Muhtasar wurin Usmanu Binduri, ya kuma saurari Sahihul Buhari wurin Muhammadu ɗan Raji. Sa'an nan ya lizimci Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin ya ɗaura niyyar Hajji, sai Shehu ya komo gida, domin bai karɓi izinin mahaifinsa a kan wannan tafiya ba.

Wa'azinsa da hijirarsa

Yana da kimanin shekara 20 ya fara kiran mutane zuwa ga Sunna, ya zaga Kabi da Zamfara da Gobir. Tun a nan aka ga yadda yake auna masu sauraro. Manyan almajirai yakan karantar da su littattafan Larabci, jama'ar gari ya yi musu bayani da Hausa, makiyaya da matan rugage kuwa ya tsara musu hukunce-hukuncen addini cikin waƙoƙin Fulatanci, domin wanda bai iya karanta takarda ba ya riƙe da kunne. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da suke karantar da almajirai safe da yamma alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci.

Da zama ya gagara tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Alƙalawa ta faɗi a 1808, a 1812 kuma ya raba aikin mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello, shi ya koma ga karantarwa.

'Ya'yansa da baiwar kowannensu

Muhammadu Sambo mutum ne mai gudun duniya, mai son kaɗaita da ibada. Ko da yake yana cikin manyan 'ya'ya, ba a ɗora masa nauyin mulki ba, ya zurfafa cikin tarbiyyar ruhi. A wurinsa ne jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa, marubucin Raudatul Afkar, ya sami horo.

Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, yana da kaifin hankali wajen shirya al'amuran jama'a da son bincike. Shehu ya haɗa shi da baffansa Abdullahi, gwanin Larabci da fiƙihu, ya kuma riƙa wakilta shi wajen aike da wasiƙu da jagorancin runduna tun yana saurayi. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya wallafa littattafai har a kan magunguna, ya riƙe sarautar Musulmi daga 1817 zuwa rasuwarsa a Wurno a 1837.

Abubakar Atiku kuwa an san shi da tsantseni da lizimtar mahaifinsa, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa shi Shehu ya danƙa wa sirrin addu'o'insa. Shi ya gaji Bello, ya yi mulki har 1842.

Sai Nana Asma'u, wadda aka haifa a Degel a 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, amma maimakon sunan da aka saba raɗa wa tagwaye, Shehu ya zaɓa mata sunan 'yar Sayyidina Abubakar (R.A.). Allah Ya ba ta fasahar harshe, ba a kuwa danne wannan baiwa don ita mace ce ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa da Buzanci. Bayan rasuwar mahaifinta ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda take naɗa jajis da malfa, su haddace waƙoƙinta na karantarwa, su kai wa matan ƙauyuka. Hanyar da ta ga mahaifinta yana bi da makiyaya ita ce ta bi da mata. Ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

Babbar shaida a kan cewa Shehu yana sane da wannan bambanci tana cikin littafinsa Najmul Ikhwani. A ciki ya yi wa jama'a nasiha su karanta littattafan Abdullahi saboda kiyayewarsa ga zahirin Shari'a, su karanta na Bello saboda saninsa ga siyasar al'umma gwargwadon mutane da zamani da wuri, su kuma karanta nasa saboda ya kula da ɓangarorin biyu. Bai fifita ɗaya don ya ƙasƙantar da ɗaya ba, ya ajiye kowa a gurbinsa.

Rasuwarsa

Shehu ya zauna Sifawa yana karantarwa, ya taso zuwa Sakkwato a 1815, ya rasu a can a shekarar 1232 ta Hijira, cikin watan Afrilu na 1817. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Darasi ga iyaye

Ya ku iyaye, daga Birni da Zango har Mirya da Takaya, mu duba gidajenmu. Wani yaro da an biya masa allo sau biyu ya riƙe, wani sai ya rubuta da hannunsa, wani sai ya yi tambaya an warware masa dalili, wani kuma hankalinsa yana ga lissafi ko aikin hannu. Sau da yawa wanda bai yi saurin hadda kamar wansa ba shi ake kira daƙiƙi, a bi shi da bulala da gori, har ya tsani allo da makaranta gaba ɗaya. Ta haka ake asarar 'ya'yan da za su amfani addini da ƙasa.

Sanin tauhidi da tsarki da salla wajibi ne a kan kowane ɗa, namiji ko mace, babu rangwame a cikinsa. Abin da ya wuce wannan kuwa, Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Aikin uba da uwa shi ne su zauna da yaro, su lura da abin da yake sauƙaƙa gare shi, su nema masa malamin da ya dace, su daina auna shi da mudun ɗan'uwansa. Da an tilasta wa Sambo mulki, ko an hana Asma'u alƙalami, da al'umma ta yi rashi babba.

Allah Ya shirya mana zuri'armu, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana, amin.