HELMHOLTZ, LIKITAN DA YA AUNA GUDUN JIJIYA

Jama'a, yau za mu kawo muku tarihin wani Bajamushe wanda masu ciwon sukari ke cin moriyar aikinsa har gobe.

An haifi Hermann von Helmholtz a garin Potsdam na ƙasar Jamus ran 31 ga Agusta, 1821. Ubansa malamin makaranta ne, ba mai hali ba. Saboda haka yaron ya shiga makarantar likitancin soja a Berlin, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗalibi bisa sharaɗin ya yi wa soja aiki in ya gama. Ya fito likita a 1842.

A zamanin nan, masana har da malaminsa Johannes Müller sun ɗauka saƙon da jijiya ke kaiwa cikin jiki ya fi ƙarfin awo don sauri. Helmholtz bai yarda ba. Da ya koma Jami'ar Königsberg a 1849, sai ya samo ƙafar kwaɗo, ya taɓa jijiyarta da lantarki a kusa da tsoka, ya sake taɓawa daga nesa, kana ya auna bambancin lokacin da tsokar ta motsa. A 1850 ya bayyana cewa saƙon na tafiyar wajen mita 30 ne a sakan guda.

To, wannan dabara ita likitoci ke bi yau. Sukari in ya daɗe da yawa a jini yakan ci jijiyoyi, ya kan fara kuwa daga ƙafa, domin jijiyoyinta sun fi tsawo. Sai mutum ya riƙa jin mindirya ko zafi kamar ya taka barkono, daga baya ƙafar ta daina ji. Ƙusa ta soke shi bai sani ba, ciwo ya zama gyambo, wani lokaci har a yanke ƙafar. Kusan rabin masu ciwon sukari kan gamu da lalacewar jijiya. Likita kan sa 'yar wuta kaɗan a idon sawu da wajen gwiwa, na'ura ta nuna gudun saƙon. A lafiyayyar ƙafa yakan wuce mita 40 a sakan. In ya ragu, an san jijiya ta taɓu.

A 1851 kuma ya fito da madubin leƙa cikin ido, wanda da irinsa ake gano ɓarnar sukari a ido. Ya rasu ran 8 ga Satumba, 1894, yana da shekara 73.

Don haka 'yan'uwa mazauna Sabon Ibadan da Agege, masu yini tsaye a kasuwa, mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa kullum, ya bar yawo ba takalmi. In ya ji mindirya ya garzaya asibiti. A kuma aika wa iyaye a gida, ko Kano ko Yelwan Bauchi, su ma su kula. Rigakafi dai ya fi magani.