A.S. Hornby: Malamin da ya rubuta ƙamus domin baƙin Turanci

Duk wanda ya yi makarantar sakandare a Najeriya, ko ya zauna a teburin akawu yana tsara wasiƙar ofis, da wuya a ce bai taɓa buɗe ƙamus ɗin nan na Oxford Advanced Learner's Dictionary ba. A bangon tsofaffin bugunsa akwai wani suna da ido kan wuce ba tare da ya tsaya a kai ba, wato A.S. Hornby. Mutane da dama sun ɗauka wani shehin malami ne da ya ƙare rayuwarsa a zaurukan Jami'ar Oxford. Alhali kuwa malamin aji ne, kuma a birnin Tokyo aka fara buga littafin da ya fito da sunansa, a shekarar 1942, daidai lokacin da Japan ke yaƙi da ƙasar marubucin.

An haifi Albert Sydney Hornby a 1898 a garin Chester da ke arewa maso yammacin Ingila. Ya karanta harshen Ingilishi da adabinsa a kwalejin University College da ke Landan, ya kammala a 1922. A 1924 ya nufi Japan, inda ya samu aikin koyarwa a wata babbar makarantar kasuwanci da ke garin Oita, a tsibirin Kyushu. Adabi aka ɗauke shi ya koyar, amma bai daɗe a aji ba ya gane cewa matsalar ɗalibansa ta riga adabi zuwa. Tsarin da aka saba da shi a ƙasar a wancan zamani shi ne ɗalibi ya karanta Turanci ya juya shi zuwa harshensa, kalma bayan kalma. Wannan hanya takan fitar da mai iya warware shafi mai wuya, amma idan aka ce ya ƙirƙiri jimla tasa ta kansa, ko ya buɗe baki ya yi magana, sai ya kakare. Daga nan Hornby ya karkata ga koyar da harshen kansa, kuma bai sake barin wannan fage ba har ƙarshen rayuwarsa.

A Tokyo kuwa akwai wani Bature da ya riga shi hango wannan giɓi. Shi ne Harold Palmer, wanda ya zo Japan a 1922 a matsayin mai ba Ma'aikatar Ilimi shawara, ya kuma jagoranci cibiyar bincike kan koyar da Turanci da aka kafa a 1923. A farkon shekarun 1930 Palmer ya jawo Hornby cikin aikin cibiyar, daga bisani Hornby ya koma Tokyo da zama. Babban abin da suka sa a gaba shi ne tattara kalmomin da ke tafiya tare a harshen Ingilishi, kuma rahoton da cibiyar ta fitar kan wannan batu a 1933 ya zama tubalin abin da ya biyo baya.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan batu ba, domin harshensa cike yake da shi. A Hausa ana cin abinci, ana cin bashi, ana cin jarrabawa, ana cin zaɓe, ana cin amana. Ana shan ruwa, ana shan magani, ana shan iska, ana shan kashi. Baƙon da ya haddace ma'anar ci da sha daga ƙamus bai san komai ba tukuna game da waɗannan. Haka abin yake a Turanci. Bature ba ya shan ƙwayar magani, ɗaukar ta yake yi da kalmar take. Ruwan sama mai yawa kuma a wurinsa mai nauyi ne, da kalmar heavy. Babu wata ƙa'idar nahawu da za ta sanar da ɗalibi wannan, sai dai a nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Ƙamusoshin da ake da su a lokacin, irin su Concise Oxford Dictionary, an rubuta su ne domin wanda ya tsotsi harshen a nono. Shi wannan yakan buɗe ƙamus don neman ma'anar baƙuwar kalma ko asalinta, bai da buƙatar a koya masa yadda ake sarrafa kalmomin da yake furtawa tun yana yaro. Baƙon harshe kuwa a kan ƙananan kalmomin yau da kullum yake yin tuntuɓe.

Palmer ya bar Japan a 1936, jagorancin binciken cibiyar ya koma hannun Hornby. Tare da wasu malaman Turanci biyu da ke aiki a ƙasar, E.V. Gatenby da H. Wakefield, ya shiga haɗa ƙamus na Turanci zalla domin mai koyo. Ba su ne farkon masu wannan tunani ba, domin Michael West, wanda ya koyar a yankin Bengal na Indiya, ya fitar da nasa ƙamus ɗin a 1935, inda ya bayyana ma'anoni da kalmomi masu sauƙi da ba su kai 1,500 ba. Sai dai na West ya fi taimakon mai karatu, shi kuwa Hornby mai rubutu da mai magana ya sa a gaba.

Abu na farko da ya yi shi ne raba sunaye gida biyu: waɗanda ake iya ƙirgawa ya sa musu harafin C, waɗanda ba a ƙirgawa kuma harafin U. Abin kamar ƙarami, amma duk shugaban ofis da ya taɓa gyara takardar ƙaramin ma'aikaci ya san nauyinsa. Hausa tana da shawara da shawarwari, tana da kaya da kayayyaki, don haka hannun Bahaushe kan yi saurin liƙa harafin s a ƙarshen advice ko furniture ko information, alhali a Turanci waɗannan ba su da jam'i. Harafi guda a gefen kalma ya isa ya tsare ɗalibi daga wannan kuskure. Na biyu, ya tsara hanyoyin da aikatau ke shiga jimla zuwa rukuni 25, ya ba kowane rukuni lamba, ya rubuta lambar a gaban kowane aikatau domin a san abin da zai iya biyo bayansa da abin da ba zai iya ba. Sannan ya cika littafin da gajerun jimloli na misali, da alamomin furuci, da zane-zane a inda hoto ya fi dogon bayani amfani.

Aikin ya kammala ke nan sai duniya ta rikice. A watan Disamba na 1941 Japan ta kai hari kan sansanin Amurka na Pearl Harbor, ta kuma shiga yaƙi da Birtaniya. Malamin da ya shafe shekara 17 yana koyar da 'ya'yan ƙasar ya wayi gari a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba. An tsare shi, sannan a 1942 aka sallame shi a cikin musayar mutane da ɓangarorin biyu suka yi. A wannan shekarar ce kamfanin ɗab'i na Kaitakusha ya fitar da ƙamus ɗin a Tokyo da sunan Idiomatic and Syntactic English Dictionary. Ba ƙaramin abin mamaki ba ne a ce maɗaba'ar Japan ta buga ƙamus na harshen abokan gaba a tsakiyar yaƙi, amma da ba ta yi haka ba, wahalar shekaru tana iya bin ruwa.

Hornby ya kama aiki da hukumar British Council, wadda ta tura shi Tehran, babban birnin Iran, ya ci gaba da koyarwa. Bayan yaƙi ya dawo Landan, inda a 1946 ya kafa mujallar English Language Teaching domin malamai, mujallar da har yau take fitowa da sunan ELT Journal. Ya kuma ba da gudummawa ga darussan Turanci da BBC ke watsawa ta rediyo. A 1948 Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake buga ƙamus ɗin Tokyo domin sauran ƙasashen duniya, a 1952 aka sauya masa suna zuwa The Advanced Learner's Dictionary of Current English. Bugu na biyu ya fito a 1963, na uku kuma a 1974, kuma a wannan ne kalmar Oxford ta hau kan sunan littafin.

Fitowar ƙamus ɗin ta dace da lokacin da ƙasashen Afirka da Asiya ke karɓar mulkin kai, makarantu na ƙaruwa, Turanci kuma ya zama mabuɗin jarrabawa da aikin gwamnati da ciniki da ƙasashen waje. A Najeriya, inda rashin cin Turanci a jarrabawar kammala sakandare kan toshe wa yaro hanyar jami'a, littafin ya samu gindin zama a akwatin ɗalibi da teburin malami.

Ba a rasa abin kushewa a aikin ba. Lambobin nan na aikatau, waɗanda Hornby ya fi ba muhimmanci, su ne ɗalibai suka fi tsallakewa, domin sai mutum ya koma farkon littafin ya duba jadawali kafin ya san abin da lambar ke nufi, kuma mai sauri ba ya da wannan haƙuri. Bugun da suka biyo bayan rasuwarsa sun maye gurbinsu da alamomi masu sauƙin ganewa. Haka nan Turancin masu ilimi na kudancin Ingila shi ne ma'aunin littafin, irin wanda ake yi a Legas ko Accra ko Delhi kuwa bai samu wurin zama a ciki ba a zamaninsa.

Ƙamus ɗin da sauran littattafansa, irin su A Guide to Patterns and Usage in English na 1954, sun kawo masa dukiya mai yawa. A 1961 ya kafa gidauniyar ilimi mai ɗauke da sunansa, ya zuba mata kaso mai tsoka na kuɗin da littattafan ke samarwa, domin malaman Turanci daga ƙasashe masu tasowa su samu zuwa Birtaniya ƙaro ilimi. Gidauniyar tana nan tana ba da wannan tallafi tare da haɗin gwiwar British Council. Hornby ya rasu a 1978 yana da shekara 80, a shekarar da kamfanin Longman ya fitar da nasa ƙamus ɗin na masu koyo, wanda ya zama babban abokin gasa na farko da littafin Hornby ya gamu da shi cikin shekara 30.