Malam Sa'adu Zungur: Majalisun Taɗi, Harshen Ingilishi da Hidimar Talakawa

Gabatarwa

A makarantun sakandare da jami'o'in ƙasar Hausa, tun daga Zariya da Katsina har zuwa Maraɗi da Dakoro, ɗalibai kan kafa ƙungiyoyin koyon Ingilishi. Sukan haɗu bayan an tashi daga aji su yi muhawara, su shirya wasan kwaikwayo, wani lokaci kuma su fita aikin gayya ko gaida marasa lafiya. Wannan al'ada ta haɗa koyon harshe da hidimar jama'a tana da daɗaɗɗen tarihi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashinta a ƙasar Hausa shi ne Malam Sa'adu Zungur na Bauci. Galibi an fi saninsa da waƙa da siyasa. Sai dai kafin ya shahara a waɗannan fagage biyu, ya kasance mai kafa majalisun taɗi na ƴan boko, kuma a cikinsu ne ya nuna amfanin da mutum zai iya yi wa al'ummarsa da harshen da ya koya daga baƙo.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Sa'adu a birnin Bauci a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, a gidan malamai waɗanda aka sani da limanci. A gida ya fara karatun Alƙur'ani, sannan ya shiga littattafan fiƙihu da na Larabci. Wannan tushe ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin ko a lokacin da ya ƙware a ilmin boko, malaman zaure ba su iya kallonsa a matsayin baƙo a fagensu ba. Laƙabin Zungur kuwa sunan wani gari ne na ƙasar Bauci. A wancan zamani makarantun boko kan liƙa wa ɗalibi sunan garinsu, abin da ya haifar da sunaye irin su Aminu Kano da Yahaya Gusau da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Bayan makarantar lardi ta Bauci, sai ya wuce Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920 domin horar da malamai. Kwalejin ta yi suna wajen koyar da Ingilishi, musamman lafazi da iya magana a gaban jama'a, har ɗalibanta suka zama abin kwatance a duk faɗin Nijeriya. A 1934 Sa'adu ya shiga Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, ya zama ɗan Arewa na farko da ya yi karatu a can. Zamansa a Legas bai yi tsawo ba, amma ya buɗe masa ido. A nan ya ga jaridu masu sukar gwamnati, ya kuma ga ƙungiyoyin adabi da muhawara irin waɗanda suka yawaita a biranen gaɓar tekun Afirka ta Yamma, inda matasan da suka yi boko ke wasa harshensu na Ingilishi suna tattauna al'amuran ƙasa.

Da ya dawo Arewa sai ya shiga fannin lafiya. Ya zauna a makarantar horar da duba-gari ta Kano, daga baya ya koyar a makarantar harhaɗa magunguna ta Zariya. Aiki ne da ke kusantar da mutum ga halin da talaka ke ciki: ruwan da yake sha, kwatar unguwarsa, da cututtukan da ke kashe masa ƴaƴa.

Zariya: ƙungiyar adabi

Zariya ta wancan lokaci ita ce cibiyar rubutun boko a Arewa. A nan ofishin talifi yake ƙarƙashin Rupert East, kuma a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita. Garin ya tara malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti da na jirgin ƙasa. A cikin wannan yanayi, a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, Sa'adu ya jagoranci kafa ƙungiyar adabi ta Zariya, wadda aka sani da sunan Zaria Literary Society.

A zahiri, irin wannan ƙungiya ba ta da abin tsoro ga hukuma. Turawan mulki ma kan ƙarfafa ta, domin a ganinsu wuri ne da matasa za su gyara Ingilishinsu, su yi zumunci, su kauce wa zaman banza. Sa'adu ya karɓi wannan siga, amma ya zuba mata wani abu dabam. A wurinsa, wanda ya koyi tsara hujja a kan batun da ke cikin littafi ya riga ya koyi tsara ta a kan haraji da aikin tilas da shari'ar alƙalai. Don haka taɗin ya riƙa gangarowa daga adabi zuwa halin zaman jama'a, da yadda En'e ke tafiyar da mulki a ƙarƙashin inuwar Turawa.

Bauci: Majalisar Taɗi

Ciwon huhu ya kama Sa'adu tun yana matashi, ya tilasta masa barin aiki ya koma gida Bauci. A can ya tarar da wasu matasan malamai a makarantar midil, cikinsu da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano, wanda ya fara koyarwa a can a 1942. Wajen 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauci, wadda Turawa ke kira Bauchi Discussion Circle, da yardar hukuma. Aminu Kano ya riƙe mata sakatare. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da jami'an Turawa kan zauna wuri ɗaya a tattauna batun da aka zaɓa, kamar ilmi da tattalin arziki da tsarin mulki.

Muhimmancin wannan zama yana ga yadda ya sauya dokar magana. A al'adar fada, talaka ba ya yi wa sarki magana kai tsaye, sai ta bakin wani, cikin kalmomin girmamawa da aka riga aka tsara. A ofishin Razdan ko Di'o kuwa tafinta ke tsakani, kuma abin da tafinta ya ga dama shi ke isa kunnen Bature. Majalisar taɗi ta zo da ƙa'idar muhawara irin ta makaranta: kowa yana da damar tashi ya yi tambaya, wanda aka tambaya kuma ana sa ran ya ba da amsa. Matasan da suka iya Ingilishi sun karanta dokoki da rahotannin gwamnati da idonsu, saboda haka ba su bukatar kowa ya fassara musu ko ya tausasa abin da suke son faɗi.

A wannan majalisa Sa'adu ya soki tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Ƙarfin hujjarsa ya fito ne daga rijiyoyi biyu da ya sha ruwansu. Idan Bature ya kare tsarin da cewa al'adar mutane da addininsu ake kiyayewa, sai Sa'adu ya koma ga littattafan shari'a da koyarwar shugabannin jihadi ya nuna inda aikin hukuma ya saɓa musu. Idan kuma aka kawo hujjar gudanar da mulki, sai ya auna ta da mizanin da Ingila ke auna kanta da shi. Ƙarshen majalisar ya zo ne bayan wani zama da Aminu Kano ya nemi a bayyana ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. Hukuma ta ga taɗi ya wuce gona da iri, aka rufe majalisar.

Rufewar ba ta kashe aikin ba. Sa'adu da abokansa sun kuma yi aiki a ƙarƙashin ƙungiyar kyautata rayuwar jama'ar Bauci, wato Bauchi General Improvement Union, wadda masana tarihi ke lissafawa cikin ƙungiyoyin farko da suka share fagen siyasar zamani a Arewa. Sunan kansa ya nuna inda aka dosa: neman gyara, ba zaman tattaunawa kawai ba. Sa'adu ya riƙa aika rubuce-rubuce ga jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, yana kai kukan talakawan Arewa inda hukumar lardi ba ta da ikon toshe shi.

Fagen siyasa

A 1948 Sa'adu ya zama sakataren tarayya na jam'iyyar NCNC a Legas. A 1949, da aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna ƙarƙashin shugabancin Dokta R. A. B. Dikko, an zaɓe shi mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci. A lokacin ita ma ƙungiyar al'adu da zumunci ce, wadda ta ɗaura aniyar yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci, kuma sai a 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC. Masu zafin ra'ayi kuwa sun kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma nan ne zuciyar Sa'adu ta karkata. Ko da yake rashin lafiya ya riƙe shi a Bauci, ya kasance ɗaya daga cikin manyan masu yi wa jam'iyyar tunani, kuma Aminu Kano ya ɗauke shi malami kuma jagora.

Rabon aiki tsakanin harsuna uku

Ga ɗalibin kimiyyar harshe, abin lura a rayuwar Sa'adu shi ne yadda ya raba aiki tsakanin harsunansa. Da Larabci yake kafa hujja a gaban malamai da alƙalai. Da Ingilishi yake fuskantar Turawa da ƴan siyasar Kudu. Da Hausa kuma yake mayar wa jama'a abin da aka tattauna a inda ba su da kujera, kuma hanyar da ya zaɓa ita ce rubutacciyar waƙa, wadda ake rerawa ta isa kunnen wanda bai taɓa shiga aji ba. Waƙarsa ta Maraba da Soja ta tarbi sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. A cikin Arewa Jumhuriya ko Mulukiya kuwa ya gargaɗi sarakuna da su gyara mulkinsu tun kafin guguwar zamani ta iso, yana buga misali da abin da ya sami sarakunan Indiya bayan ƴancin 1947. Waƙar ta tayar da muhawara, har Mudi Sipikin ya mayar da martani da tasa mai suna Arewa Jumhuriya Kawai. Ta haka taɗin da aka rufe a Bauci ya ci gaba a cikin baitoci.

Zaɓen kalmominsa ma abin nazari ne. Hausa ta ari sunayen muƙaman mulkin mallaka daga bakin masu mulkin: gwamna da razdan da di'o da en'e daga Ingilishi, kamar yadda Hausar Nijar ta ari kwamandan da lakwal daga Faransanci. Amma da aka zo ga manufofin siyasa, Sa'adu da tsararsa sun fi komawa ga Larabci. Jumhuriya da mulukiya da jam'iyya duk daga can suke. Haka ma sawaba, wadda asalinta na Larabci ke nufin abin da yake daidai, Hausa kuma ta ba ta ma'anar sauƙi bayan wuya. Hikimar a fili take: kalmar da ta fito daga harshen addini da ilmi ba ta zo wa mai sauraro da warin baƙunta, don haka tunanin da aka karanto a littafin Ingilishi ya shiga zaure cikin rigar da aka saba gani. Kalmar sawaba ta zama taken NEPU, wadda ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba, kuma a Nijar da wannan suna aka san jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta nemi a ƙi tayin Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka kuma haramta ta a 1959. Iyakar da ta raba Ingilishi da Faransanci ba ta hana kalmar Hausa ɗaya yin aiki a ɓangarorin biyu ba.

Rasuwarsa

Malam Sa'adu ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana fama da jinya a Bauci, yana rubutu da ba da shawara gwargwadon ƙarfinsa. Ya rasu a watan Janairun 1958 yana da shekara arba'in da ƴan kai, bai ga ƴancin Nijeriya da na Nijar na 1960 ba. A 1974 Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa da ra'ayoyinsa. A yau jami'ar jihar Bauci da ke Gaɗau tana ɗauke da sunansa, haka ma babban ɗakin taro na Gidan Mambayya a Kano.

Kammalawa

Ɗalibin da ya taso a Dakoro ko Maraɗi yana haɗuwa da Ingilishi ne bayan Hausa da Faransanci, sau da yawa kuma bayan Larabcin makarantar allo. Ke nan yana riƙe da harsuna fiye da waɗanda Sa'adu ya riƙe. Kusan duk takardar da ta shafi rayuwar manomi ko makiyayi a yankinsa, ta asibiti ce ko ta kotu ko ta ƙungiyoyin agaji, ana rubuta ta ne da harshen da mai ita ba ya ji. Ƙungiyar koyon Ingilishi tana iya tsayawa ga gyara lafazin ƴaƴanta da shirya su ga jarrabawa, kuma wannan ma riba ce. Tarihin majalisun Zariya da Bauci ya nuna cewa tana iya ƙarawa da wani abu: ta horar da masu karanta wa jama'a abin da aka rubuta a kansu, masu mayar da shi cikin Hausa mai kyau, masu kuma isar da amsar jama'a ga waɗanda suka rubuta. Wannan shi ne aikin da Malam Sa'adu Zungur ya yi da harsunansa uku a cikin gajeriyar rayuwa mai cike da jinya. Allah ya jiƙansa da rahama.