Malam Aminu Kano da 'Yan Doka: Tsokaci ga masu neman 'yan sandan jihohi

Tun daga watan Fabrairun 2024, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya zauna da gwamnoni a Abuja suka amince a duba yiwuwar kafa 'yan sandan jihohi, wannan batu ya zama abin tattaunawa a majalisu da gidajen rediyo da wuraren hira. Hujjar masu goyon baya a fili take, kuma babu mai hankalin da zai raina ta: ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana dogaro da rundunar da ba ta kai mutum dubu 400 ba, alhali 'yan bindiga na cin karensu babu babbaka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja. Sai dai abin da na lura shi ne, yawancin masu muhawarar suna magana kamar ba a taɓa yin irin wannan tsari a ƙasar nan ba. An yi shi, kuma a Arewa ya fi ƙarfi. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, don haka nake so mai karatu ya biyo ni mu waiwayi rayuwar mutumin da ya shafe ƙuruciyar siyasarsa yana fama da 'yan sandan gida, wato marigayi Malam Aminu Kano.

An haifi Malam Aminu a watan Agustan 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai na zuriyar Genawa. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali, saboda haka tun yana yaro ya san yadda ake shari'a, ya kuma san yadda son rai ke shiga cikinta. Bayan karatun allo da na Midil ta Kano, ya yi Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942, sannan aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi. A can ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zama aminin tunaninsa, da kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A zauren muhawarar da suka riƙa yi a Bauchi ne aka fara jin matasan malamai suna yi wa mulkin En'e tambayoyi a gaban Turawa da manyan gari, har hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri ta rufe zauren. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa, da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, daga baya aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi siyasa, 'yan watanni bayan wasu mutum 8 sun kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta. A 1953 ya zama shugabanta.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a fahimci irin ginin da ya tarar. A wancan zamani kowace En'e tana da abubuwa 3 a hannunta: 'yan doka, kotunan alƙalai da gidan yari. 'Yan doka sun samo asali ne daga dogarawan sarki, waɗanda Turawa suka sake wa fasali a shekarun 1920, aka ba su kaki da horo, aka ɗora Wakilin Doka a kansu, wanda sau da yawa ɗan sarauta ne. Rundunar 'yan sandan Nijeriya, wadda aka haɗe a 1930, tana nan, amma a garuruwa da ƙauyukan Arewa ɗan doka talaka ya sani. A matsayina na ɗalibin harshe, sunan kansa yana ba ni abin tunani. A Hausa kalmar doka ba ta tsaya ga rubutaccen tsarin da ya hau kan kowa ba. Tana kuma nufin umarnin da na sama ya kafa wa na ƙasa. Ɗan doka na iya zama mai tsaron ƙa'ida, yana kuma iya zama mai zartar da abin da aka ce ya yi. Tarihin NEPU ya nuna wace ma'ana ce ta rinjaya da zarar an buga gangar zaɓe.

Zaɓen 1951 shi ne gwaji na farko. An yi shi hawa-hawa, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi. 'Yan NEPU sun yi rawar gani a matakan farko, musamman a birnin Kano, amma doka ta ba En'e damar cusa kashi 10 cikin 100 na wakilan matakin ƙarshe, kuma da wannan aka tace su har babu ko ɗaya da ya kai Majalisar Kaduna. Da jam'iyyar NPC ta kama mulki, sai ya zamana ita da En'e tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Mai son yin lacca sai ya nemi izini a wurin En'e. In an hana shi ya yi, ɗan doka ya kama shi. In an ba shi ya yi, yana iya faɗin wata kalma a ce ya zagi sarki ko hakimi. Daga nan sai gaban alƙalin da En'e ke biya albashi, inda ba a yarda lauya ya tsaya ba, sai bulala ko tara ko gidan yarin da shi ma na En'e ne. Mai ƙara da mai kamu da mai hukunci da mai tsaro duk daga tukunya ɗaya suke ci.

Shi kansa Malam bai tsira ba, domin a 1954 an hukunta shi a kan ya kafa tutar jam'iyyarsa a motarsa cikin birnin Kano. Amma wahalar gaske a kan ƙananan mabiya ta faɗa: teloli da mahauta da 'yan koli da manoma waɗanda ba su da kowa a Legas ko Kaduna. Wani a ninka masa haraji, wani a ƙwace masa rumfa a kasuwa, wani ya bar garinsu ke nan har abada. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan jam'iyyar, tarihinta ya nuna an ɗaure ta har sau 16. A Kano an yi wata ƙungiyar 'yan sara da aka sani da 'Yan Mahaukata, waɗanda ke far wa 'yan adawa, hukuma na kau da kai. Gaskiya ta sa a faɗa cewa su ma samarin NEPU ba kanwar lasa ba ne, sun yi ramuwa a wurare da dama, kuma bakinsu bai da linzami. Haka nan ba kowane ɗan doka ne azzalumi ba. Ana yaba wa marigayi Alhaji Ado Bayero cewa a zamanin da ya riƙe Wakilin Dokar Kano, daga 1957 zuwa 1962, ya rage tsare 'yan adawa ba gaira ba dalili. To amma wannan ma darasi ne: tsarin da sai an yi sa'ar mutumin kirki kafin talaka ya sami sauƙi, tsari ne mai rauni.

Abin da ya fi burge ni a rayuwar Malam Aminu shi ne hanyar da ya bi wajen tunkarar wannan hali. Bai ce a rushe shari'a ba, domin shi malamin tafsiri ne, da ayoyi da tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kafa hujja cewa zalunci baƙo ne a Musulunci. Ya koya wa talaka ya san haƙƙinsa: ya ƙi aikin tilas a gonar hakimi, ya nemi rasit in ya biya haraji, ya ɗaukaka ƙara in an danne shi. Jam'iyyarsa ta riƙa rubuta koke-koke zuwa Kaduna da Legas da Landan, tana neman a raba kotu da ikon sarakuna, a yi zaɓe kai tsaye a asirce, a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a. Kalmar da suka ɗauka take, wato sawaba, asalinta Larabci ne mai ma'anar abin da yake daidai, amma a bakin Bahaushe ta koma nufin sauƙi bayan wuya. Ma'anonin biyu sun haɗu a gwagwarmayarsa. Irin wannan matsin lamba, tare da koken ƙananan ƙabilu, na cikin abin da ya sa hukumar Willink ta 1958 ta ba da shawarar sanya haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulki, aka kuma yi wa dokokin laifuka na Arewa garambawul gab da samun 'yancin kai.

A fagen ƙuri'a kuwa, Malam ya sha faɗuwa fiye da nasara. Ya faɗi a 1954 a hannun Alhaji Maitama Sule, ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai a 1959, ya sake rasa ta a zaɓen 1964 mai cike da rigima. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Alhaji Yusuf Gobir ya duba batun 'yan sanda da gidajen yari, kwamitin kuma ya ba da shawarar a haɗe su a hannun tarayya, saboda yadda 'yan siyasa suka yi amfani da su a Arewa da Yamma. A zamanin Janar Gowon, wanda Malam ya yi wa kwamishinan sadarwa daga 1967 sannan na lafiya daga 1971, aka aiwatar da wannan: 'yan doka suka narke cikin rundunar ƙasa, gidajen yari suka koma tarayya, kotunan alƙalai suka fita daga hannun sarakuna. A lura cewa shi mai goyon bayan ƙirƙiro jihohi ne, yana son mulki ya matso kusa da jama'a. Abin da ya ƙi shi ne kulki da kotu su zama mallakar wanda ke takara da kai.

Sai dai tarihin bai ƙare a nan ba, kuma masu adawa da 'yan sandan jihohi su ma akwai nasu kason. A 1978 Malam ya kafa PRP, a 1979 ya yi takarar shugaban ƙasa ya sami ƙuri'u kimanin miliyan 1.7, jam'iyyarsa ta ci Kano da Kaduna, inda Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Matan Arewa, waɗanda sai a 1976 suka sami 'yancin zaɓe, sun fito sun jefa ƙuri'a. To a wannan jamhuriya, da rundunar tarayya ita kaɗai ke riƙe da kulki, an ga abin da ya faru. A 1980 aka kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Borno, aka tsallakar da shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. A shekarar ce kuma 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman Bakalori masu neman diyyar gonakinsu. A ranar 10 ga Yulin 1981, bayan PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, aka yi tarzomar Kano da ta ci ran Dakta Bala Muhammad, aka kuma yi ta kukan cewa 'yan sanda sun yi jan ƙafa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, bai ga zaɓen wannan shekara ba, wanda aka zargi rundunar da yi wa jam'iyya mai mulki aiki a cikinsa. Ya bar duniya ba shi da wata dukiya sai gidansa na Gwammaja, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.

A zamaninmu ma ba ta sake zani ba. Zanga-zangar adawa da rundunar SARS a Oktoban 2020 a kan 'yan sandan tarayya aka yi ta. A Nuwamban 2024 duniya ta ga yara ƙanana, yawancinsu daga Kano da Kaduna, suna faɗuwa don galabaita a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, sai da surutu ya yi yawa aka sake su. Ashe nisan mai ba da umarni ba ya hana zalunci, kamar yadda kusancinsa bai hana ba a zamanin En'e.

A nawa ganin, tambayar da rayuwar Malam Aminu ta bar mana ita ce: idan ɗan sanda ya taka talaka ko ɗan adawa, wa zai tuhume shi, kuma shin mai tuhumar yana cin abinci a hannun wanda ya aiko shi? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mun ga yadda hukumomin zaɓe na jihohi ke aiki: a Oktoban 2024 jam'iyya mai mulki a Kano ta lashe ƙananan hukumomi 44 cif, ta Kaduna ta lashe 23 cif, alhali jam'iyyun biyu ba ɗaya ba ne. Gwamnan da ke da irin wannan hukuma, da majalisar da ba ta iya ce masa a'a, da kotunan da ke jiran kuɗi daga ofishinsa, in aka ƙara masa bindiga, me ya rage tsakaninsa da En'e?

Ban ce kada a yi ba. Wanda aka sace wa ɗa a Tsafe ko Faskari ba zai saurari laccar tarihi ba, kuma tuni jihohi irin su Katsina a 2023 da Zamfara a 2024 suka kafa nasu dakarun sa-kai, gara a shigar da su ƙarƙashin doka bayyananna. Amma duk gyaran da za a yi wa sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya kamata ya zo da sharuɗɗa. Naɗa kwamishina da cire shi kada ya zama a hannun gwamna shi kaɗai. Kuɗin rundunar da na kotunan jiha su riƙa fita kai tsaye. A haramta wa rundunar jiha shiga harkar zaɓe da ta izinin taron siyasa. A kafa hukumar karɓar koke mai zaman kanta, wadda 'yan adawa da lauyoyi da malamai ke da kujeru a cikinta, sannan a bar wa ɗan ƙasa ƙofar kai ƙara kotun tarayya a buɗe.

Yawancin gwamnoni da 'yan majalisar Arewa suna alfahari da sunan Malam, wasu har da jar hula. Hanya mafi sauƙi ta gane magajinsa na gaskiya ita ce a ga wanda zai yarda a ɗaure hannunsa da waɗannan sharuɗɗa tun yana kan kujera, ya tuna cewa gobe shi ne ɗan adawar da zai nemi izinin lacca. Allah Ya jiƙan Malam Aminu da sauran 'yan mazan jiya, mu kuma Ya ba mu shugabanni masu tsoron ranar hisabi.