Malam Abdullahi ɗan Fodiyo Mai Bodinga da Matsalar Iyakar Ƙasa

Gabatarwa

Duk wanda ya bar birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, kafin ya yi nisa zai ratsa Bodinga da maƙwabciyarta Sifawa, sa'an nan ya wuce Shagari ya doshi Tambuwal. Matafiyi na iya ɗaukarsu garuruwan kan hanya kawai, alhali kuwa a wannan ɗan yanki ne aka taɓa raba ragamar daular da ta fi kowace girma a Afirka ta Yamma a zamaninta. A Bodinga ne kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi zaman da ya sa ake yi masa laƙabi da Mai Bodinga. A wannan maƙala za a bi tarihin rayuwarsa, tare da mai da hankali ga wata matsala da ta yi ta bin sa tun yana matashi har ya tsufa, watau ina ikon wani shugaba yake ƙarewa na wani ya fara, kuma mene ne haƙƙin mutumin da ya tsallaka daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Asalinsa da Neman Ilminsa

An haifi Abdullahi a shekara ta 1180 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1766. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa, zuriyarsu ta Fulani Toronkawa ce. Wansa Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Wajen mahaifinsa ya sauke Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga Shehu, ya shiga karanta masa littattafan fiƙihu da tauhidi da lugga. Bayan Shehu ya yi karatu wajen malamai da dama, daga cikinsu akwai Malam Muhammadu ɗan Raji, wanda ya karantar da shi Sahihul Buhari, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya taɓa zama a Agadas. Shi da kansa ya jera sunayen malamansa a littafinsa Ida'un Nusuhi.

Abin lura a nan shi ne, duniyar da ya tashi a cikinta ba ta san iyakar da ake gani yau a taswira ba. Maratta, inda aka haifi Shehu, tana cikin Jamhuriyar Nijar a yanzu, Degel kuwa, inda jama'arsu ta yi zama, tana cikin Nijeriya, amma a wancan lokaci duka biyun ƙasar Gobir ce. Abdullahi ya bi Shehu yawon wa'azi zuwa Kabi da Zamfara, ya kuma halarci taron Magami inda malamai suka gana da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo.

Hijira da Jihadi

Musabbabin rikicin da ya kai ga hijira shi kansa batun tsallake iyaka ne. Wani almajirin Shehu, Malam Abdussalami, ya ji tsoron zama a Gobir, sai ya kwashi mutanensa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi. Sarkin Gobir Yunfa bai yarda cewa talakansa ya kuɓuce masa don ya sauya mazauni ba, saboda haka a ƙarshen 1803 ya aika da runduna ta ci garin ta kamo mutane. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka tare suka kwance su. Daga nan fa sai zaman Degel ya gagara. Cikin watan Fabrairu 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, kuma Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina.

Shi ya ja rundunar da ta karya Yunfa a Tabkin Kwatto cikin Yuni 1804, shi ya kuma ja wadda ta ci Birnin Kabi a 1805, abin da ya ba jama'a damar komawa Gwandu. To amma nasara ta zo da nata ciwon. Ya ga mutane sun fara karkata ga neman ganima da sarauta da ƙawar duniya, abin da aka yi hijira don a guje masa. Wajen 1807 sai ya bar runduna ya kama hanyar gabas da nufin zuwa Makka. Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen birnin suka roƙe shi ya tsaya ya rubuta musu abin da za su riƙa yin hukunci da shi. Ya karantar da su tafsiri, ya wallafa musu Diya'ul Hukkami, daga bisani ya fasa tafiyar ya komo. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 ya kai hare-hare yamma, har ya ƙetare Kogin Kwara zuwa ƙasar Gurma.

Zamansa a Bodinga

Wajen 1810 Shehu ya tashi daga Gwandu ya koma Sifawa, Abdullahi kuwa ya sauka kusa da shi a Bodinga, Muhammadu Bello yana Sakkwato wadda ya gina a 1809. A 1812 Shehu ya raba aikin gudanar da daula biyu: gabas ya ba ɗansa Bello, yamma ya ba ƙanensa Abdullahi. Rabon Abdullahi shi ne ya fi wuyar riƙo, don kuwa ƙasa ce ta kogi da daji da ƙabilu mabambanta, Kabawa da Zabarmawa da Dandawa da Gurmawa da Nufawa. Sannu a hankali masarautun da suka riƙa kai caffa ga gidansa suka haɗa da Yawuri da Nupe da Ilorin a kudu, da Birnin Ngaure da Say da Torodi a yamma, har zuwa Liptako mai hedkwata a Dori.

Duk da wannan nauyi, shekarun Bodinga su ne suka fi albarka a rubuce-rubucensa. A lokacin ne ya kammala Tazyinul Waraƙati a 1813, inda ya tara waƙoƙinsa na Larabci tare da labarin jihadi, sa'an nan ya kammala babban tafsirinsa Diya'ut Ta'wili a 1816.

Ra'ayinsa Game da Iyaka

Malaman Musulunci sun daɗe da wani fanni da ake kira siyar, wanda ya shafi mu'amala tsakanin daular Musulmi da waɗanda ke wajenta, kuma Imamu Shaibani, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 9, yana cikin waɗanda suka fara tsara shi. A cikin wannan fanni ne ake bayanin sharuɗɗan yaƙi da na sulhu, da hukuncin manzo wanda ba a taɓa shi, da amincin da ake ba baƙo ya shigo ya yi fatauci ya koma da ransa da dukiyarsa. A mazhabar Malikiyya, wadda Abdullahi ke bi, sulhu da wata ƙasa aikin shugaba ne, amma Musulmi ɗaya baligi mai hankali yana iya ba mutum ɗaya aminci, kuma dole sauran jama'a su kiyaye shi. Abdullahi ya shigar da irin waɗannan hukunce-hukunce cikin littattafansa na siyasa, ya kuma tsananta a kan cika alkawari.

Amma mas'alar da ta fi jawo magana ita ce ta yawan shugabanni. Asalin hukunci shi ne kada a naɗa imami biyu a lokaci guda. A Diya'ul Hukkami Abdullahi ya kawo togaciyar da malamai suka yi, cewa idan ƙasashe suka yi nisa da juna har umurnin imami ba ya isa ɗayar, ya halatta mutanenta su naɗa nasu, don kada haƙƙoƙin jama'a su tozarta. Ke nan a wajensa ana gane iyakar daula ne da inda hukuncinta ke iya kaiwa ya ƙwato wa wanda aka zalunta haƙƙinsa. Inda alƙalin sarki ba ya iya zartar da hukunci, da'awar mallaka ba ta da ƙarfi.

Rasuwar Shehu da Batun Masina

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can cikin Afrilu 1817. Masu tarihi sun ruwaito cewa ko da Abdullahi ya iso daga Bodinga sai ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Ya juya ya koma Gwandu, zumunci ya yi sanyi tsakaninsu. Bayan 'yan shekaru mutanen Abdussalami, waɗanda suka yi tawaye aka karya su a Kware, suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu suka gagari Abdullahi. Bello ya kawo masa gudummawa aka ci garin. Da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga kan doki don ya gai da baffansa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Amirul Muminina. Da haka ɓarakar ta ɗinke.

To a daidai waɗannan shekaru na rashin jituwa ne wata daula ta ɓullo a can yamma, a ƙasar Masina wadda ke cikin Mali a yau. Shehu Ahmadu Lobbo, wanda tun farko ya ɗauki Shehu Usmanu a matsayin jagora, ya yi nasara a yaƙin Nukuma a 1818, ya gina birnin Hamdallahi. Tambaya ta taso: shin Masina reshen Sakkwato ce, ko kuwa daula ce mai zaman kanta? Aka yi ta musayar wasiƙu. Shugabannin Sakkwato da Gwandu suka nemi mubaya'a, mutanen Masina kuwa suka kafa hujja da nisan ƙasa, watau da hukuncin da Abdullahi ya rubuta da hannunsa a Kano. Wannan jarrabawa ce babba ga malami mai mulki, ganin cewa fatawarsa ce ake rage masa ƙasa da ita. A ƙarshe Masina ta ci gaba da zama da gindinta, Liptako ta tsaya a ɓangaren Gwandu, kuma da alƙalami aka yi gardamar, ba a kai ga Sakkwato ta fita yaƙi da Hamdallahi ba.

A ƙarshen rayuwarsa Abdullahi ya bar yawancin harkar mulki ga ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a 1829, a can kabarinsa yake.

Abin da ya Sami Ƙasarsa Bayansa

Turawa sun zo da wata fahimta dabam, wadda iyaka a cikinta layi ne da ake ja a kan takarda. A 1885 Joseph Thomson ya ƙulla yarjejeniya da Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin Ingilishi, Ingila ta riƙe ta hujja a gaban sauran ƙasashen Turai. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi. A 1898 suka sake shi, suka zana baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, a 1904 da 1906 suka kuma gyara shi don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka shawarci Sarkin Musulmi ko Sarkin Gwandu. Cikin Maris 1903 rundunar Ingilishi da ta taso daga Kano ta haɗu da wadda ta zo daga Argungu a Shagari, suka wuce suka ci Sakkwato. Say da Dori kuwa tuni suka faɗa hannun Faransa.

Bayan samun mulkin kai, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yanke shawara a Alƙahira a 1964 cewa kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada. Saboda haka da Benin da Nijar suka kai ƙara Kotun Duniya a kan tsibiran Kogin Kwara, hukuncin 2005 da ya ba Nijar tsibirin Lete ya dogara ne ga takardun gwamnonin Faransa da yadda jami'ansu suka gudanar da wurin. Haka ma hukuncin 2013 tsakanin Burkina Faso da Nijar, wanda ya shafi yankin da ke tsakanin Dori da Tera da Say, an gina shi ne a kan wata dokar Faransa ta 1927. Ƙasar da aka taɓa yi wa hukunci daga Bodinga da Gwandu, ba a nemi wasiƙar Gwandu ko ɗaya ba wajen raba ta.

Batun baƙo ma bai kwanta ba. Ƙungiyar ECOWAS ta amince a 1979 cewa ɗan kowace ƙasa a cikinta na iya shiga wata ya zauna kwana 90 ba da biza ba. Amma cikin Janairu 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki, ta umurci baƙin da ba su da takardu su fice, mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana. A 2023 an rufe iyakar Illela da Ƙonni bayan juyin mulkin Nijar, fatake da dangi suka sha wuya. A 2024 rundunar sojan Nijeriya ta ba da sanarwar ɓullar 'yan bindigar Lakurawa, masu shige da fice ta kan iyaka a Tangaza da Gudu, ƙasar da aka yi hijira zuwa gare ta. Cikin Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS.

Kammalawa

Riƙe layin da aka ja a Turai ya rage yaƙin ƙasashe da juna a kan ƙasa, wannan kuwa alheri ne da ba za a raina ba. Sai dai bai amsa tambayar da Malam Abdullahi ya ɗora hukuncinsa a kanta ba, watau wa zai ƙwato wa makiyayi ko bafatake haƙƙinsa a dajin da ƙasa ke da'awar nata ne amma alƙalinta ba ya isa can. Masu nazarin dokar ƙasa da ƙasa a jami'o'in ƙasar Hausa suna da abin dubawa a littattafansa, musamman da yake babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sunansa yake ɗauke da shi. Allah ya jiƙan Mai Bodinga, ya haskaka makwancinsa, amin.