Kamerlingh Onnes: Masanin Da Ya Buɗe Ƙofar Maganaɗisun Sanyi

An haifi Heike Kamerlingh Onnes a birnin Groningen na ƙasar Holan ran 21 ga Satumba, 1853. Ya yi karatu a jami'ar garinsu, ya ƙaro ilmi a Heidelberg ta Jamus. A 1882 aka naɗa shi shehun malamin kimiyya a Jami'ar Leiden, inda ya zauna har ya bar aiki a 1923.

Sanyi shi ne fagen bincikensa, sanyin da hunturu ba kome ba ne a kansa. Da ya ga aikin ba zai yiwu ba sai da gwanayen hannu, sai ya kafa makarantar koyar da ƙira da busa gilashi a 1901. Da taimakon waɗannan ma'aikata, ran 10 ga Yuli, 1908, ya zama mutum na farko da ya mai da iskar hiliyam ruwa, a sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri.

Kowace waya tana yi wa lantarki turjiya, shi ya sa take ɗaukar zafi, ƙarfin wuta ya salwanta a hanya. Ran 8 ga Afrilu, 1911, Onnes ya sanyaya zaiba da ruwan hiliyam, sai ya ga turjiyar ta ɓace ƙaƙaf. Daga baya ya sami haka ga dalma da kuza.

Nan take ya hango amfanin abin. In aka naɗe waya aka sakar mata lantarki takan zama maganaɗisu, amma zafi ke hana a ƙara mata ƙarfi. A 1913, shekarar da aka ba shi kyautar Nobel, ya bayyana niyyarsa ta yin naɗin da zai kai ƙarfin tesla 10. Ya gwada da wayar dalma, amma tun bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na burinsa ba turjiya ta dawo. Da fari ya zargi aibin waya. A 1914 awo ya nuna masa cewa ƙarfin maganaɗisun da naɗin ke haifarwa shi ne ke rushe wannan hali. Ya rasu a Leiden ran 21 ga Fabrairu, 1926, burinsa bai cika ba.

Sai a 1961 masana a Amurka suka nuna cewa haɗin niyobiyam da kuza na jure ƙarfi mai yawa. Daga nan maƙeran naɗi suka koyi saka siraran zaruruwa cikin tagulla, a murɗe su kamar igiya, domin in wani wuri ya ɗumama tagulla ta ɗauke wutar kafin naɗin ya ƙone. Suka zaɓi haɗin niyobiyam da taitaniyam don yana lanƙwasuwa ba ya karyewa.

Da irin wannan naɗi aka gina na'urar Tevatron a Amurka a 1983, da kuma babbar na'urar gwabza ƙwayoyin zarra ta CERN kusa da Janeba, wadda aka kunna a 2008. Kewayenta kilomita 27, da maganaɗisu 1,232 masu lanƙwasa hanyar ƙwayoyin, kowanne an tsara shi ya kai tesla 8.3. Na'urar hoton jiki ta MRI ma daga wannan tushe ta fito. Onnes ya shuka, na baya suka girbe.