Prince Nico Mbarga: Mawaƙin da Aka Raina Waƙarsa

’Yan’uwana ɗalibai, a wannan fitowa na zaɓi in kawo muku taƙaitaccen tarihin mutumin da ya yi “Sweet Mother”, waƙar da da wuya a yi biki a ƙasar nan ba a sa ta ba. Na lura da yawanmu mun haddace ta, amma ba mu san mai ita ba.

An haifi Nico Mbarga a Abakaliki a shekarar 1950. Mahaifinsa mutumin Kamaru ne, mahaifiyarsa kuwa ’yar Nijeriya. Ya tashi a Ikom, kuma tun yana yaro mahaifin ya rasu, ɗawainiyar gida ta koma kan uwa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 sai ya tsallaka Kamaru, inda ya ƙware wajen kaɗa jita irin ta mutanen Kwango. Bayan yaƙi ya dawo ya zauna a Anaca, ya kafa ƙungiyarsa ta Rocafil Jazz, suna wasa a otal.

Abin mamaki, da ya kai wa kamfanin EMI wannan waƙa, sai suka ƙi ta, wai ta yara ce. Bai karaya ba. Wani ƙaramin kamfani na Anaca, Rogers All Stars, shi ya fitar da faifan a 1976. An ƙiyasta ya sayu fiye da miliyan 13, kuma a 2004 masu sauraron BBC suka zaɓe ta a matsayin waƙar da Afirka ta fi so. Lallai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ni a ganina, sirrin yana ga harshe. Da Turancin buroka ya yi ta, ba na boko ba, don haka ’yar kasuwa a Legas da direba a Ankara duk sun ji abin da yake nufi. Jigonta kuma wahalar uwa ce a kan ɗanta, abin da shi kansa ya gani a gida.

Nico ya rasu a watan Yuni 1997 sakamakon haɗarin babur a Kalaba, yana da shekara 47. Mu da ke nazarin harshe, ya kamata mu yi tunani kafin mu raina harshen da talaka ke magana da shi.